Zakaru Huɗu Babu Jela

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa ta Cegléd, Vilmos ɗan adawa ya ƙura wa kwandon wata tsohuwa ido. Zakaru huɗu ne a ciki, duk babu jela.

"Inna, wa ya fige su haka?"

"Aikin hular 'yan sandan jandarma ne, ɗan nan. Ba ka ganin gashin zakaran da suke sokawa?"

Vilmos ya miƙe zumbur. "Kin ji ko! Ranar zaɓe su tsaya a kan talaka da bindiga, ya faɗi wanda ya zaɓa kowa na ji, yanzu kuma kajinsa ma ba su tsira ba! Ba ni ɗaya in kai majalisa."

"Au, kai ne mai cewa a rushe su?"

"Ni ne. Wata uku ina zaga ƙauyuka."

"Allah ya yi maka albarka! Yaushe za ka zo namu?"

Vilmos ya gyara wuyan riga. "Ashe kuna son gaskiya."

"Gaskiyar me? Ni nake fige su da hannuna, in sayar wa mai ɗinka hulunan. Bara wani irinka ya zo ya yi ta ihu a dandali, aka ƙaro mana jandarma talatin, kowanne da sabuwar hula. Da kuɗin na sake rufin ɗakina."

Vilmos ya koma ya zauna.

"Ka zo bayan wata biyu," in ji ta, tana shafa zakara ɗaya, "kafin nan jelar ta tofo. Kuma don Allah ka zage su sosai."