Wa Ke Kwana a Gidan?

Shugaban taro, Wendell Thurlow, wanda na san shi tun yana satar tuffa a bayan gidana, kansilolinmu da ke zaune sun haɗe rai kamar an kawo su biki ba abinci, magatakardar gari, 'yan kwana-kwananmu na sa-kai da ke tsaye a baya, maƙwabta, tsofaffi da waɗanda ke ƙaryar ba su tsufa ba, ina gaishe ku duka.

Ni ce Lorraine Pelkey, ga wanda ya tare jiya. Na gode da aka ba ni dama. Na san waken da mata suka gasa yana jiranmu a ɗakin cocin, ba zan bari ya huce ba.

Abin da za mu ɗaga wa hannu yau shi ne dokar masu ba baƙi hayar gida na kwana biyu ko mako guda. Ina cikinsu. Ɗakin da ke saman rumfar marigayi mijina, inda yake ajiye komar kamun kifi, shi ke saya mini man ɗumama gida. Saboda haka da bakin mai haya nake magana.

Dokar ta ce mu yi rajista da gari, a san gidan da yawan masu kwana a cikinsa. Ta ce a zo a duba ƙararrawar hayaƙi, a duba ko kowane ɗakin kwana yana da tagar da mutum zai iya fita. Ta tuna mana harajin masauki, wanda baƙo ke biya, mu mu miƙa wa jiha, da harajin abin da muka samu, wanda dama yana kanmu ko mun so ko mun ƙi. Ni na ƙara muku ɗaya kyauta: ku kira mai inshorarku. Da na kira nawa, cewa ya yi, "Inna Lorraine, takardarki ta gidan zama ce. Kafin ki karɓi kuɗin baƙo, ki tambaye ni tukuna."

Haraji ba ya yi mini daɗi, amma ba shi ya tayar da ni daga kujera ba. Abin da ya faru a watan Janairu ne.

Kun san halinmu a garin nan. Ba ma tambaya ko akwai mutane a gida, hanyar shigar mota muke dubawa. Gidan da aka share wa dusar ƙanƙara a hanyarsa, akwai mutane. Gidan da ƙanƙara ta rufe ƙofarsa, masu shi sun gudu kudu shan rana sai bazara. Da wannan muka tashi, da shi 'yan kwana-kwana ke aiki tun zamanin ubana.

Ran nan da hantsi hayaƙi ya tashi a farin gidan da ke kan tudu. Kowa ya san mai shi ya tafi tun Oktoba. Hanya ba shara, ba mota. Ɗana Carroll, shugaban 'yan kwana-kwana, ya duba ya ce wa mutanensa, "Ba kowa a ciki. Kada wanda ya shiga, ku zuba ruwa daga waje." Abin da ya dace ke nan, ba a tura uban yara cikin wuta don a ceci kujera.

Suna cikin zuba ruwa sai ga wata mata ta ɓullo ta bayan gida, ba takalmi, da jariri a cikin bargo. Ashe mai gidan yana ba da hayarsa ta waya, makulli na cikin ɗan akwati a jikin ƙofar baya. Motar haya ce ta sauke su a titi. Mijinta yana ɗakin ƙasa, wanda tagarsa kyanwa ce kawai za ta bi. An fito da shi da rai, amma da ƙyar.

Da yamma Carroll ya zo gidana ya zauna, ya ƙi taɓa abinci, shi da ko a jana'iza sai ya nemi ƙari. Na ce, "Kai, ai ba wanda ya mutu."

Ya ce, "Mama, ni na ce ba kowa. Da bakina."

Ya gaya mini, kuma ya yarda in faɗa muku, cewa in har ba zai san gidan da ke da mutane ba, zai ajiye hularsa ƙarshen wata. Ku waiwaya baya ku ga ko akwai mai rububin ɗaukarta.

Na ji abin da Burleigh Coombs ya faɗa ɗazu, kuma ya faɗa da kyau: "Gidana nawa ne, ba mai shigo mini da ma'auni." Burleigh, tsohon saurayina da ya kasa, gaskiyarka. Naka ne ranar da ka saya, naka ne ranar da ka yi fenti, naka ne ranar da baƙo ya biya. Amma ranar da ya kama wuta, ba kai za ka shiga ba, gwiwarka ma ba za ta bari ba. Ɗan wani ne zai bar aikinsa ya tsaya a ƙofarka, ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido: a shiga, ko kada a shiga. Abin da yake roƙo kawai, ka gaya masa tun kafin ranar ko akwai mai barci a ciki.

Allah ya tsare gidajenmu da masu kwana a cikinsu, na gida da baƙi. Allah ya dawo da duk wanda jiniya ta kira wurin iyalinsa lafiya. Allah ya sa mu tashi daga nan muna gaisawa, har da Burleigh.

Ni dai hannuna yana sama. Na gode.