Gwangwanin Fentin Baba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri. Sunana Hajiya Ladi, daga unguwar Sabo a Ibadan. Tun da likitanku ya yi bayanin radiyam, gubar nan da ba a gani kuma ba ta wari, wadda a da ake sawa a fentin agogo, hankalina bai kwanta ba.

Ina ƙarama, shekaru kafin yaƙin duniya na biyu, Babana gyaran agogo yake yi. Fataken goro sukan kawo nasu ya shafa wa hannayen agogon wani fenti mai haske a duhu, don kada asuba ta wuce su a hanya. Kullum sai ya lashi bakin burushin don ya yi tsini. Mu ma yakan ɗiga mana a farce, muna ta murna.

Haƙoransa suka fara zubewa, muƙamuƙinsa ya ruɓe, kunu ma ya gagare shi, har Allah ya karɓi abinsa. Aka ce sammu ne. Inna ta ɗora wa tela maƙwabcinmu, har ta rasu ba ta ƙara gaishe shi ba.

Malam, gwangwanin fentin nan yana cikin akwatin Baba har yau, a ɗakin da jikokina suke kwana. Don Allah a tambayar mini likita, ina zan kai shi?