Tsakuwa Ba Ta Shiga Jirgi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ne Sule Dillali daga Ogui, a Inugu.

Shekara goma ina harkar shanu, ba wanda ya taɓa yi mini wayo a ciniki. Bara na ga kamfanonin hanya da gada suna rububin tsakuwa, kullum farashi sama yake yi. Na ce to, ga inda kasuwa ta dosa. Na sayar da shanuna kaf, na jibge tsakuwa tifa arba'in a bayan gidana.

Sai rigimar ƙabilancin nan ta tashi, ana farautar 'yan Arewa. Turawan kamfani suka tattara suka tafi, katafilolinsu na nan ciyawa ta rufe su. Siminti ya ɓace, ba mai aza ko bulo ɗaya. Maƙwabcina Okafo ya dubi tulin ya ce, "Sule, ko kyauta ka ba ni, ina zan kai? Kwashe yaranka ka tafi, ba zan iya tsare ka ba."

Hausawan unguwarmu duk sun ɗaure kaya. Mai goro ya ɗauki huhunsa, mai yadi ya naɗe nasa. Matata Asabe ta ce, "Malam, da shanu ne, da ƙafarsu za su bi mu."

Jirgin ƙasa mai zuwa Arewa zai tashi ran Jumma'a. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in zauna gadin dutse, ko in koma Gusau da 'ya'ya huɗu hannu wofi?

Ina gaida abokina Mamman na Fatakwal, in yana raye.