Jikata Ta Hau Duwatsu Neman Kogon Komawa Baya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni dattijo ne daga Takur. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na shiga ajin yamma.

Ina cike da murna, an ga jikata Hafsatu da ranta. Amma har yanzu gabana faɗuwa yake.

Shekararta goma, mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta. A maƙwabta ta kalli kaset ɗin katun na Japan. A ƙarshensa wani yaro ya shiga kogon aljanu, ya koma zamanin baya, ya hana auren iyayensa don uwarsa ta rayu. Shi kuma ya ɓace, tunda ba a haife shi ba.

Ranar Juma'a da hantsi aka nemi Hafsatu aka rasa. Sai bayan la'asar wani makiyayi ya hango ta a saman duwatsu tana leƙa ramuka, ƙafarta duk jini.

Da aka kawo ta gida na ce, "Haba amarya, guduwa za ki yi ki bar ni?"

Ta ce, "Tsoho, kogon nake nema. In ba a haife ni ba, ai Ummata tana nan."

Na ce, "To in ba a haife ki ba, wa zai je ya hana auren?"

Ta ce, "Zan yi tunani."

Tunanin nan nake tsoro, Malam. Na yi mata bayanin ƙaddara, kai kawai ta gyaɗa, jiya kuma na kama ta tana kallon duwatsun. Iyaye da malamai masu saurare, me zan faɗa mata ta yarda ba ita ta kashe 'yata ba?