Makiyayar Bayan Rafi

Mai girma shugaban taro, dattawan ƙabilar Kabarda na ƙauyenmu, dattawan ƙabilar Balkar da suka sauko daga tudu, limamanmu biyu, iyaye mata, matasa, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo, assalamu alaikum. Sunana Betal, ɗan Hajismel. Na gode da aka ba ni dama, na kuma gode wa baƙinmu da suka zauna da mu duk da shingen da matasanmu suka fara kafawa a makiyaya.

Magana ta farko ita ce takarda. Matasanmu sun ce takarda ta ba mu makiyayar da ke bayan rafi, kuma gaskiya suka faɗa, na gan ta. Sai dai a duba shekarar da aka rubuta ta. An rubuta ta a 1946, lokacin da babu Balkar ko ɗaya a kan tudun nan. Shekara biyu kafin nan sojoji sun kwashe su a safiya ɗaya zuwa Asiya ta Tsakiya. Mu da aka kori kakanninmu ta bakin teku ba ma bukatar a yi mana bayanin irin wannan safiya.

Magana ta biyu ta gidanmu ce. Hukuma ta umarci mutanenmu su hau su zauna a gidajen da aka bari. Mahaifina ya hau, kuma a can aka haife ni, a gidan wata mata mai suna Tanzila. Shekara goma sha uku bayan an kwashe su ta dawo, da ɗa ɗaya cikin huɗun da ta tafi da su. Mahaifina ya tarye ta a ƙofa ya ce, "Shigo, maƙwabciya, gidanki ne. Gobe za mu sauka."

Ta ce, "Gida ba ya gudu, Hajismel. Na biyo ta maƙabarta ban ga dutsen kabarin babana ba. Ina yake?"

Ya ce, "Yana jikin bangon garken shanun gonar gwamnati."

"Wa ya kai shi?"

"Ni da wasu. An ce mu ɗauka, muka ɗauka."

Ta ce, "To, ka san hanya ke nan."

Sati uku ya yi yana rushe bangon yana hawa da duwatsun a keken shanu. Da yawa an farfasa su, ba a san na wane ne ba, sai aka jera su kawai. Maƙabartar nan tana tsakiyar makiyayar da muke magana a kai.

Magana ta uku gajeriya ce. Jikana Zaur ne ke jagorantar masu shinge. Jiya ya ce mini, "Kaka, shanunmu tarihi za su ci?" Tambaya ce mai kyau, ciyawa ta yi mana kaɗan. Amma ranar Litinin alƙali zai nemi shaida, kuma zan je in faɗi abin da na faɗa muku yanzu, ba ƙari ba ragi. Na ga ya fi kyau ku ji daga bakina kafin ku ji daga kotu.

Allah ya jiƙan waɗanda ke kwance a bayan rafi, da waɗanda suka kwanta a ƙasashen da ba nasu ba, namu da naku. Allah ya ba mu ruwan sama da ciyawa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.