Kawu Da Rijiyar Gatawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki, kai da duk masu saurare. Ni ce Rabi daga Gatawa, ƙasar Sabon Birni.

Labarin kawuna za ni ba ku. Hafsan soja ne lokacin yaƙin basasa, bayan yaƙi anka tura shi aikin jakadanci ƙasashen waje. Shekarar babban fari, ina yarinya, mutane sunka tsallako daga Nijar da 'yan dabbobinsu, sunka sauka bakin rijiyarmu. Ruwa ya ja baya, mutanenmu sunka ce a kore su. Sai ga Kawu ya zo hutu. Kowa na murna, wai ga soja, shi za shi kore su.

Kawu ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki guga ya ja ruwa, ya miƙa ma wata tsohuwa cikin baƙin. Ya ce ma dattawa, "A fagen yaƙi ƙishirwa ta kada ni. Matar da ta ba ni ruwa ba ta jin Hausa, kuma ba ta tambayi garinmu ba." Nan ya zaunar da kowa bisa tabarma, anka raba: safe namu, marece nasu.

Yanzu Kawu ya tsufa, ko sunana ba ya tunawa. In na kai mishi ruwa sai ya riƙe kwanon ya ce, "Baƙi sun sha?" Ko na ce sun sha, ba ya yarda.

Rediyo na kusa da kanshi kullum. Don Allah ka gaishe shi, ka ce mishi baƙi sun sha, ko ya samu ya sha nashi.