Mazarin Inna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sani, daga Dandamisa nake rubutowa.

Watan jiya na kai mahaifiyata Kaduna a duba mata ido. Da muka gama da wuri sai na ce, "Inna, mu leƙa gidan tarihi kafin mu hau mota." Ta bi ni tana mitar ƙafa. Tukwane da takubba duk ba su dame ta ba, sai da muka zo kan wani mazari na kaɗin auduga a cikin gilashi. Nan ta tsaya cak. Na ga yatsunta suna murzawa a iska, kamar zaren na hannunta.

Ta ce, "Ikon Allah! Sani, da irin wannan na kaɗa zaren zanen da na goya ka da shi. Nawa ma ya fi shi kyau, na tsohuwata ne. In mun koma ka ɗauko mini a bayan gado, in koya wa 'yarka Hauwa."

Mai gabatarwa, ga inda matsalar take. Bara da na gyara mata ɗaki, ni da hannuna na haɗa shi da tarkace na ƙone. Na ɗauka tsinken banza ne.

Yau sau uku ke nan tana tambayata, ina cewa ina dubawa. Jama'a ku ba ni shawara, ta ina zan fara gaya mata? Auduga ma har ta sa an tsinto mata, tana nan a faifai tana jira.